Bin sawu a intanet, talla, da kuɗin da baya isowa hannun ɗan jaridar Marwa

Kusan duk majalisar da ka zauna yanzu a Garwa ko Marwa ko Kuseri, in dai hirar waya ta taso sai ka samu wanda zai rantse maka cewa wayarsa na sauraronsa, wai jiya ya yi maganar babur da ƙaninsa yau ga tallan babur ya fito masa a Facebook. Mark Zuckerberg da bakinsa ya musanta haka a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Afrilun 2018, ni kuma a nawa ganin ko basu saurari kowa ba, abin da suke kwasa ta hanyar da kowa ya sani ya ishe su har ya yi musu yawa. Wannan hanyar nake so mu warware yau 'yan uwa, domin tana da alaƙa kai tsaye da wani abu da yake damuna sosai, wato yadda jaridun da ke kawo labarin yankinmu suke ta ramewa alhali mu masu karatu kullum ƙaruwa muke.

Mu fara da abin da ke faruwa in ka taɓa link ɗin wani labari. Kai a zatonka shafi ɗaya ka buɗe, to a gaskiya wayarka gidaje da yawa ta ƙwanƙwasa a lokaci guda, rubutun labarin daga kwamfutar jaridar yake zuwa, amma maɓallin Partager daga wurin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, yake zuwa, bidiyon da aka liƙa a tsakiya daga YouTube wato Google, mai ƙirga baƙi shima galibi na Google ne, gurbin talla kuma daga wasu kamfanonin da ko sunansu baka taɓa ji ba. Kowanne cikinsu kafin ya turo maka nasa kason dole wayarka ta gaya masa adireshinta na intanet da ake kira IP, da irin wayar, Tecno ce ko Itel ko Infinix, da harshen da aka saita ta, da sunan shafin da kake kai a wannan minti. Abin lura anan shine ba sai ka danna maɓallin ba. Bayyanarsa kawai a shafin ya isa, saƙo ya riga ya tafi.

Sai kuma kukis, wanda wani ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka don ya gane ka in ka dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994 kuma asalinsa abin amfani ne, shi yasa baka sake rubuta password duk sanda ka shiga. Matsalar ta zo ne daga kukis na baƙo, wato wanda ba mai shafin ne ya ajiye ba, kamfanin talla ne ko na sada zumunta da ke liƙe a shafin, shi wannan baƙon yana liƙe a dubban shafuka, toh duk inda ka je ya gan ka ya gane lambarka ya ƙara a littafinsa, da safe ka karanta farashin auduga, da rana ka nemi maganin ciwon suga, da dare ka duba kuɗin jirgi zuwa Jidda. Facebook ya fito da maɓallinsa na J'aime a 2009, a 2010 ya ba kowane shafi damar liƙa shi, a 2015 kuma ya kawo abin da ake ce ma pixel, shi wannan ma baka ganinsa sam, 'yan layukan kod ne a ɓoye da ke kai rahoton me ka duba, me ka cika a fom, me ka saya. A 2022 gidan jaridar bincike na The Markup ya gano wannan pixel ɗin a shafukan asibitoci 33 cikin manyan asibitoci 100 na Amurka, yana tura bayani in mutum ya zo neman ganin likita. Asibiti fa. To ina ga shafin labarai na nan gida wanda wani yaro ya haɗa ma mai jaridar a kan manhajar gina shafi ta WordPress ya zuba duk plugin, wato ƙananan ƙarin manhaja, da ya samu kyauta.

Mu nan abin ya fi kama mu ta wata fuska, saboda yawancinmu daga cikin Facebook ɗin muke buɗe labari, shafin yana buɗewa ne a burauzar da ke cikin manhajar kanta ba ma fita waje, ga kuma lambar talla da kowace wayar Android ke ɗauke da ita wadda manhajoji ke karantawa. Masu iPhone tun Afrilun 2021 Apple ya tilasta kowace manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunsu, mutane da yawa suka ce a'a, har Meta ya faɗa ma masu hannun jarinsa cewa wannan canjin zai ci masa wajen dalar Amurka biliyan 10 a 2022. Safari da Firefox sun daɗe da toshe kukis na baƙo. Chrome kuwa, wanda shine ke kan kusan duk wayoyinmu, Google ya yi alkawari a 2020 zai cire su, aka yi ta ɗagawa, a 2024 ya janye maganar. Mai iPhone nawa ne a kasuwar Marwa in ka kwatanta da mai Itel? Kaga kariyar ma ta fi zuwa ga mai kuɗi.

Me ake yi da duk wannan bayanin? Gwanjo ake yi da shi. A cikin ɗan lokacin da shafi ke lodi, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ana shela ga masu talla cewa ga wani mutum a arewacin Kamaru, wayarsa kaza, ga abubuwan da ya saba dubawa, wa zai saya? kowa ya taya, wanda ya fi tsada tallansa ne zaka gani. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Adumri ya san tsakanin mai saniya da mai saye akwai dillali kuma yana da la'adarsa, to anan dillalan layi ne guda, na mai talla daban, na mai shafi daban, mai filin gwanjon daban, mai sayar da bayanai daban, kowa na yankar tasa la'adar, kuma babban abin shine Google tun da ya sayi kamfanin tallan intanet DoubleClick kan dalar Amurka biliyan 3.1 (an kammala cinikin a 2008) yana tsaye a ɓangaren mai saye da na mai sayarwa kuma filin ma nasa ne. Wani bincike da ƙungiyar masu talla ta Ingila ISBA ta sa kamfanin binciken kuɗi PwC ya yi a 2020 ya nuna kashi 51 cikin ɗari ne kawai na kuɗin mai talla ke isa ga mai shafi, kashi 15 kuma masu binciken sun kasa gano inda ya shiga. A Afrilun 2025 wata alƙaliya a Amurka, Leonie Brinkema, ta yanke hukuncin cewa Google ya mamaye wasu sassa na wannan kasuwa ba bisa doka ba.

Yanzu mu zo inda abin ke min ciwo. Ko rabin nan da ke isowa, nawa ne in mai karatun ɗan Mokolo ne? Farashin idon mutum a gwanjon nan ya danganta da abin da ake zaton zai iya saya. Alƙaluman Meta na watanni ukun ƙarshen 2023 sun nuna kowane mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada ya kawo masa dalar Amurka 68 da 'yan kai, na Turai 23, sai rukunin da suke kira sauran duniya wanda Afirka ke ciki, dalar Amurka 4 da rabi, kuma wannan rukunin ya haɗa da ƙasashe irinsu Brazil da suka fi mu kasuwar talla nesa ba kusa ba. Kamfanin gaba ɗaya ya samu kusan dalar Amurka biliyan 135 a wannan shekarar, wajen kashi 98 daga talla. Shi yana tara ƙanana ƙanana daga mutane biliyoyi sai ya zama dutse, amma shafin labarai ɗaya da ke da masu karatu 'yan dubbai a Garwa da Ngaundare, ƙanana ɗin nan ƙanana ne kawai, kuma AdSense, tsarin Google na saka talla a shafuka, baya biya sai kuɗinka ya kai dalar Amurka 100, mai ƙaramin shafi zai iya shafe watanni yana jiran ya cika.

Akwai ƙari a kan haka guda biyu da ba kowa ya sani ba. Manyan kamfanoni suna da jerin kalmomin da basa so tallansu ya fito kusa da su, hari, kisa, bom, ta'addanci, garkuwa. To ka duba me ɗan jaridar da ke aiki a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari yake rubutawa tun 2014, labarin da ya fi kowanne haɗari wurin ɗaukowa, wanda ya hau babur ya bi hanyar Mora zuwa Kolofata da ransa a hannu, shine labarin da injin talla ke gujewa, sai a bar masa tallan caca da na maganin ƙarfin maza da na bizar ƙarya. Na biyu kuma harshe, shekara da shekaru jerin harsunan da AdSense ke karɓa akwai Faransanci da Turanci da Larabci amma babu Hausa babu Fulatanci, wanda ya zaɓi ya rubuta ma mutanensa da harshen da suke ji ya fara ne da hasara tun daga ƙofa.

In kuɗi na zuwa ne bisa yawan dannawa kuma kowace dannawa bata kai sefa ɗaya ba, me kake tsammani zai biyo baya? Kanun labarai na tada hankali, mutuwar wanda bai mutu ba, labari ɗaya a kwafe shi a shafi goma ba wanda ya ɗaga waya ya tabbatar, shafi cike da talla har baka ganin rubutun, kuma duk wannan lodin da megarka ake yinsa, kai ka sayi forfe a wurin Orange ko MTN, kai ka biya kuɗin sauke tallan da na'urorin bin sawun naka. Mutanen da suka sa wayoyinsu a mode avion a 2023 don nuna fushi kan tsadar koneksiyon suna da gaskiya, amma wani kaso na megar da ke ƙarewa da wuri nan take tafiya. Ɗan jaridar kuma da albashi baya zuwa sai ya koma ga gombo, a kira shi taro a bashi ambulan na kuɗin mota ya rubuta abin da mai taron ke so. Ban ce kowa haka yake ba, akwai masu riƙe mutuncinsu cikin wahala kuma na san da su, amma yunwa bata barin alƙalami ya miƙe, kuma mu ne masu karatu muke shan labarin da aka saya ba tare da mun san wa ya saya ba.

Dogaro da dandalin wani ma haɗari ne a kan kansa. A Janairun 2018 Facebook ya canza tsarinsa ya rage nuna labaran jaridu ya fifita na dangi da abokai, shafuka da yawa a duniya suka wayi gari baƙinsu sun zube. 'Yan uwanmu na Chadi sun ga wani salon, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafafen sada zumunta wata 16, duk gidan labarin da masu karatunsa ta Facebook kaɗai suke zuwa sai wanda ke da manhajar kauce ma toshewa ta VPN da kuɗin ƙarin mega.

Wasu ƙasashen sun ja daga. Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai ta GDPR a 25 ga Mayu 2018, ita ce silar akwatin nan da ke tare ka da Tout accepter in ka shiga shafin Faransa. A 2019 kotun Tarayyar Turai a shari'ar wani kantin tufafi na Jamus mai suna Fashion ID ta ce mai shafin da ya liƙa maɓallin Facebook shima yana da alhaki a kan bayanan da maɓallin ya kwasa, a Janairun 2022 kuma hukumar kare bayanai ta Faransa CNIL ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, laifinsu shine karɓar kukis dannawa ɗaya ce amma ƙi sai ka sha zagaye. Ostareliya ta yi doka a 2021 ta tilasta musu zama da gidajen jarida su biya, Facebook ya toshe labarai na 'yan kwanaki sannan aka daidaita. Kanada ta yi tata a 2023, Google ya yarda da dalar Kanada miliyan 100 a shekara, Meta kuwa ya cire labarai gaba ɗaya daga Facebook da Instagram a ƙasar, a daidai lokacin da gobarar daji ke korar mutanen Yellowknife daga gidajensu. In Kanada aka yi ma haka, ban ga ranar da Yawunde ko Njamena za su zauna su kaɗai su tilasta ma Meta biyan gidajen labarai irinsu L'Oeil du Sahel ko Tchadinfos ba, sai dai in ƙasashen Afirka sun haɗa baki. Dokokin kare bayanai dai akwai su a takarda, Chadi tun 2015, Kamaru kuma ta samu tata a Disamba 2024, kuma abu ne mai kyau, amma doka tana hana a kwashi bayananka ba izini ne, bata sa ma ɗan jarida tuwo a kwano.

Shi yasa maganar take dawowa kan biya. Jaridar New York Times ta sa shingen sai ka biya ka karanta a 2011 mutane suka ce ba mai biya, yau masu biyanta sun haura miliyan 10. Mediapart a Faransa tun 2008 bata ɗaukar talla ko ɗaya, abonma kawai wato kuɗin da masu karatu ke biya, kuma tana tono abin da ya girgiza ministoci. Wasu jaridun Turai kuma sun ce zaɓi ɗaya, ko ka yarda a bi sawunka ko ka biya, Meta ma ya kawo irin haka a Turai a Nuwamban 2023 kan yuro 9.99 a wata, wajen sefa 6,500 kenan, daga baya Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 200 a 2025 kan tsarin. Ni wannan salon bana sonsa ko kaɗan, domin ma'anarsa sirri na mai hali ne talaka kuma a kwashe nasa.

Nasan abin da za a ce, mutumin da ke neman na gero ina ya ga kuɗin jarida, kuma mu mun taso ne da BBC Hausa da Muryar Jamus da RFI a rediyo ba wanda ya taɓa cewa mu kawo sisi. Gaskiya ne, amma wani ne ke biya, masu biyan haraji da kuɗin lasisin talabijin na ƙasashensu, kuma ranar da mai biyan ya canza ra'ayi abin tsayawa yake, mun gani a Maris 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit. Kuma su ɗin duk ƙoƙarinsu ba za su aiko wakili ya zauna a zaman majalisar komin ɗin Yagwa ya bi kuɗin gyaran madatsa ba, ba za su bi maka ranar da kamfanin auduga SODECOTON zai biya manoma ba, wannan sai ɗan gida.

Kuma ba gaskiya bane cewa bamu da al'adar biya. Mutanenmu suna zuwa gidan rediyon gari su biya kuɗin sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da ɓatan dabba, suna biyan abonma na Canal+ duk wata saboda ƙwallo, 'yan kasuwa da ma'aikata sun sayi jaridar takarda sefa 400 ko 500 shekara da shekaru duk da tana isowa arewa a makare daga Yawunde. Abin da ya karya wannan shine PDF. Da asuba kafin mai sayar da jarida ya fito da ita an riga an watsa ta cikakkiya a grup grup na WhatsApp, mutum ɗaya ya saya dubu su karanta, kuma mai turawar yana ganin alheri yake yi. Dan Allah Alhaji, Malam, Hajiya, ku da Allah ya hore muku, in jaridar ta isa ku tura ma mutum ɗari biyu to ta isa ku biya kuɗinta, guminsu ne.

Su ma masu gidajen labaran akwai nasu. Ka sa abonma sai da katin banki a yankin da mafi yawan mutane Orange Money da MoMo suke riƙe da shi, ko Airtel Money da Moov Money a hayin Chadi, ai ka rufe ƙofa da kanka. A bar mutum ya biya sefa 100 na yini ko 500 na mako yadda ya saba sayen forfe, a ba ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta malaman makaranta ko 'yan arewa mazauna Duwala da Libreville damar biya a dunƙule, sannan labarin da ya shafi rai, ambaliya irin ta 2024 a Mayo-Danay, sakin ruwan Lagdo, kwalara, hanyar da ba lafiya, wannan a barshi a buɗe ga kowa, masu biya su san da kuɗinsu ne aka buɗe shi. Tallan ma a koma nema kai tsaye wurin mai kantin kayan gini da makarantar kuɗi da kamfanin motocin safa, hoto ne da lambar waya a saman shafi, ba dillali ba pixel, kuɗin gaba ɗaya ya shigo gida, a kuma rubuta ƙarara cewa wannan talla ne don kar ya gauraya da labari.

Kai mai karatu kafin nan akwai 'yan abubuwan da ke hannunka, in akwatin kukis ya fito nemi Continuer sans accepter ko Refuser, shiga saitin Google na wayarka wurin Annonces ka goge lambar talla, a cikin saitin Facebook akwai inda zaka ga jerin shafukan da suka kai rahotonka ka kuma yanke alaƙar, in ka buɗe jerin nan karon farko zaka sha mamaki, sannan ka riƙa buɗe labari a Firefox ko Brave maimakon cikin manhajar. Ba zai share komai ba amma zai rage, megarka ma zata ƙara daɗewa.

Mai shafi kuma ya zauna da yaron da ya haɗa masa shi su duba me ke liƙe a ciki. In baka sayen talla a Facebook to pixel ɗin nan ba abin da yake maka, bayanan masu karatunka kawai kake miƙawa kyauta, wanda ya karanta labarin hari, wanda ya karanta na cutar da yake ɓoyewa, wanda ya karanta na siyasar da yake tsoron a san yana bi. Maɓallin turawa zuwa WhatsApp ko Facebook ana iya yinsa da link zalla wanda baya kiran kowa sai an danna shi, gidan jaridar fasaha na Heise a Jamus ya nuna hanyar tun 2011, kuma aikin bai fi na yamma ɗaya ba ga wanda ya iya WordPress.